Hajiya Husainatu 'Yar Kyaftin, da Amanar da Ta Ɓoye

An haifi Hajiya Husainatu, wadda iyayenta suka raɗa wa suna Christine Chavant, ranar tara ga watan Maris na shekarar 1935, a unguwar masaƙa ta Croix-Rousse da ke kan tudu a birnin Lyon na ƙasar Faransa. Mahaifinta shi ne Guillaume Chavant, kyaftin ɗin jirgin ruwa na fatauci, mahaifiyarta kuwa Anne, mai ɗinkin siliki a gida. Ita kaɗai Allah Ya ba su.

Mahaifinta

An haifi Kyaftin Guillaume a Lyon a shekarar 1894, amma tun yana saurayi ya gangara Marseille ya koyi tuƙin jirgi, ya bi matakan aikin ɗaya bayan ɗaya har aka damƙa masa jirgi a 1929. Jirgin, mai suna Val-de-Saône, yana kai siminti da yadi gaɓar Afirka ta Yamma, ya komo da gyaɗa da fatu, kuma galibin masu zuba gawayi a tukunyarsa 'yan Afirka ne. A shekara bai fi ya yi wata biyu a gida ba, don haka abin da Christine ta riƙe game da shi kaɗan ne: warin taba a rigarsa, da yadda yakan tsayar da ita kan teburi ya auna tsayinta da taƙi.

Tun 1924 ya shiga wata tsohuwar ƙungiya da ake kira Faranmaso, wadda 'ya'yanta ke taruwa a ɓoye, suna kiran juna 'yan'uwa, suna kuma rantsuwa ba za su faɗi abin da ake yi a zaurensu ba. Kowane ɗan ƙungiya yana da farar safar hannu da ɗan tabliye na fata da yake ɗaurawa a ƙugu ranar taro. Na Kyaftin fari ne ta gaba, da zanen kayan awon magina. Ta baya baƙi ne, da hoton ƙoƙon kan mutum, wanda suke cewa tunatarwa ce a kan mutuwa. A al'adarsu, idan ɗan'uwa ya rasu, a kan akwatin gawarsa ake ɗora waɗannan kaya. Shi ya sa ba ya tafiya teku da su. A watan Afrilu na 1940, da zai koma jirgi, ya bar su a hannun Anne kamar kullum, ya ce ta ajiye masa har ya dawo.

Shekarun yaƙi

Lokacin da Jamus ta ci Faransa a watan Yuni na 1940, jirgin Kyaftin yana wata tashar Ingilishi, sai ya ci gaba da yi wa ɓangaren da ke yaƙar Jamus dakon kaya. A wannan shekara sabuwar gwamnati ta haramta ƙungiyoyin asiri, a shekara mai bi mata kuma aka fara buga sunayen manyan 'yan Faranmaso a jaridar gwamnati. Kullum da safe Anne takan je ta bi jerin da yatsa. Ranar da ta ga sunan mijinta, kantin da ke ba ta ɗinki ya daina, maƙwabta biyu kuma suka daina amsa gaisuwarta a matakala.

Kwana uku ta yi tana ƙona littattafansa da wasiƙunsa a murhu, kaɗan kaɗan, don kada hayaƙi ya tona ta. Da ta zo kan tabliye da safar hannu sai ta kasa, domin a ganinta ƙona su daidai yake da hana mijinta sutura tun yana raye. Ta farke shafin cikin kwat ɗin sanyin Christine, ta shimfiɗa tabliyen a daidai gadon baya, ta cusa safar a kafaɗu, ta mayar da ɗinki. Sannan ta zaunar da yarinyar, mai shekara shida, ta gindaya mata sharuɗɗa: kada ta tuɓe kwat ɗin a waje, kada ta yi gudu da shi, kada ta bari kowa ya riƙe mata shi, in an tambaye ta kuma ta ce ciwon ƙirji gare ta.

Damina da sanyi uku Christine ta yi tana zama da kwat a lakwal, wato makaranta, sauran yara sun rataye nasu. Idan ta sunkuya kan allo fatar takan yi ɗan ƙara, ita kuwa gani take duk ajin ya ji. Wata safiya a watan Janairu na 1942 mutum biyu suka zo bincike, suka birkice katifa, suka zazzage akwatuna, ita kuma tana tsaye a bakin ƙofa da jakar lakwal. Da za su fita, ɗayansu ya durƙusa gabanta, ya ɓalla mata maɓallin wuya da ya kwance, ya daddaɓa bayanta ya ce ta yi sauri kada ta makara. Hannunsa a kan tabliyen ya sauka. Ta isa lakwal ba tare da ta san ta inda ta bi ba, ta kuma yi mako guda murya ba ta fita.

Rasuwar Kyaftin

A watan Maris na 1943 wata gajeriyar takarda ta iso ta hannun masu agajin yaƙi, tana cewa Val-de-Saône ya nutse kuma kyaftin ɗinsa ba ya cikin waɗanda suka tsira. Cikakken bayani bai zo ba sai a 1946, da wani mutumin Damagaram mai suna Ilya, ɗaya daga cikin masu zuba gawayi a jirgin, ya bi adireshi ya hau tudun Croix-Rousse ya ƙwanƙwasa ƙofarsu.

Ilya ya ce ranar goma sha huɗu ga Oktoba na 1942 ne, da la'asar, kwana biyu da barinsu Freetown, teku kwance kamar tabarma. Wani jirgin yaƙi mai tafiya a ƙarƙashin ruwa ya harbe su a tsakiyar ciki, ba wanda ya gan shi. Tsanin ɗakin tukunya ya karye, su biyar suna ƙasa, ruwa ya kai musu ƙirji cikin tururi da duhu. Kyaftin ya tabbatar an sauke kwale-kwalen ceto, sannan ya komo da igiya ya jawo uku, Ilya ne na ukun. Yana jan na huɗu jirgin ya kife. Bayan haka jirgin da ya harbe su ya ɓullo kusa da kwale-kwalen, baƙi wuluk, ruwa na zuba daga jikinsa, wani hafsa ya tambaya ina kyaftin. Suka nuna masa inda man jirgi ke tasowa. Cikin mutum arba'in da ɗaya, goma sha bakwai suka kai gaɓa.

Ilya bai koma gida ba. Ya sami aiki a wata masaƙa a Vaulx-en-Velin, yana zuwa gaishe su kowace Lahadin ƙarshen wata, shi ne kuma ya fara kiran Christine 'Yar Kyaftin, ya koya mata gaisuwar Hausa. Game da ƙungiyar kuwa, ba a taɓa gaya masa komai ba. Yaƙi ya ƙare, an ɗage haramci, amma Anne ta ce waɗanda suka rubuta sunaye sau ɗaya za su sake rubutawa. Da ajalinta ya zo a 1959, wasiyyarta ga 'yarta biyu ce: kada ta ƙona, kada ta faɗa.

Karatu, aure da zuri'a

Christine ta yi karatun jinya a Lyon, ta fara aiki a asibiti a 1957. A gidan Ilya ta haɗu da ɗan ƙaninsa, Moutari, wanda ya zo koyon aikin lantarki. Ta karɓi Musulunci a 1961, Ilya ya zaɓa mata sunan mahaifiyarsa, Husainatu, aka ɗaura aure a wannan shekara. Sun haifi Muntaka a 1962, Mariam a 1965, da Sa'ad a 1970.

Ta yi niyyar gaya wa mijinta komai idan sun je ganin dangi. A 1964 suka je Damagaram, kuma a nan ne, tana zaune cikin mata ana ɓarar gyaɗa, ta ji ana labarin wani babban ma'aikaci da aka ce ɗan Faranmaso ne, wai ya ba da ɗansa na fari don ya sami muƙami. Surukarta ta tofar da yawu ta ce irin waɗannan ko gawarsu ba a bi. Husainatu ta ci gaba da ɓarar gyaɗa. Daga ranar ta san shirun da uwarta ta ɗora mata ba mai ƙarewa ba ne, waɗanda ake ɓoye wa ne kawai suka sake.

Zaman La Courneuve

A 1969 aiki ya kai Moutari Paris, suka sami gida a hawa na tara na ɗaya daga cikin dogayen benayen La Courneuve. A wancan zamani matan Nijar da Cadi da Kamaru sun fara isowa wajen mazajensu, ba su san likita ba, ba su san takarda ba. Husainatu ce ke raka su awon ciki, ita ke bin su ofishin hukuma a Bobigny neman takardar zama. Da aka fara mutuwa a cikinsu aka rasa mai wanka, sai ta je wajen wata tsohuwa 'yar Aljeriya ta koya, ta haɗa da natsuwar da ta saba da ita a asibiti. Fiye da shekara talatin, duk macen da ta rasu a cikin masu jin Hausa na wannan yanki, ita ake bugo wa waya tun kafin a gaya wa dangi na nesa. Ta koyar da mata shida wannan aiki.

Ta sauke farali tare da mijinta a 1996, ta sayo likkafaninta a Makka, ta ajiye shi a ƙasan wani akwatin ƙarfe, a kan tabliye da safar hannu. Alhaji Moutari ya rasu a 2003. Sau da yawa a jinyarsa ta buɗe baki za ta gaya masa, sai ta tambaye shi ko yana son ruwa. Ya tafi bai sani ba, wannan kuwa ya dame ta har ƙarshen rayuwarta.

Abin da ya faru a 2010

A watan Mayu na 2010 aka sanar za a rushe benensu, kowa ya shiga ɗaure kaya. Fatou, matar Muntaka, ta zo taya ta, Hajiya kuma ta sauka kantin magani. Fatou ta ɗaga likkafani don ta sake naɗe shi, sai ta ga ƙoƙon kan mutum a kan baƙar fata, ga farar safar hannu da ta yi ja don tsufa. Ba da mugun nufi ba, tsoro ne ya sa ta ɗauki hoto da salula ta aika wa yayarta tana tambaya ko ta san mene ne. Kafin la'asar hoton ya zagaya La Courneuve da Bobigny, kafin washegari ya kai Damagaram da Njamena, kuma wani ɗalibi ya riga ya gane zanen ya faɗi sunan ƙungiyar.

Da a hannun wata aka ga kayan, da ƙila maganar ta mutu cikin mako. Amma a hannun mai wankan gawa aka gan su, a ƙarƙashin likkafani. Kowa ya fara tuna tasa mamaciyar. Wata ta ce ta lura Hajiya kan fitar da mutane daga ɗaki kafin ta fara wanka, alhali haka shari'a ta tanada. Wata ta ce a tambaye ta inda take kai gashin da ya zube. A matakala Hajiya ta ji wata da ta taɓa karɓar haihuwarta tana ce wa maƙwabciya ashe Nasara Nasara ce, ko ta je Makka sau goma.

Muntaka ya kawo Malam Adoum, limamin masallacinsu, mutumin Cadi mai sanyin hali. Aka shimfiɗa kayan a kan teburi, aka tambaye ta. Shekara sittin da tara tana shirin wannan tambaya, amma da ta zo sai murya ta ƙi fita, kamar ranar mai ɓalla maɓalli. Da ƙyar ta ce, "Na babana ne."

Malam Adoum ya juya tabliyen da bakin alƙalaminsa, ya ce shi dai ya sha ganin irin wannan ƙoƙon kai a jikin akwatin lantarki, bai kuma taɓa jin an ce marigayi Alhaji Moutari matsafi ne ba. Ba wanda ya yi dariya. Ya ƙara da cewa bai san ƙungiyar ba, ba zai wanke ta ba, amma ba a tuhumar 'ya da abin da ubanta ya yi. Muntaka ya ce hanya mafi sauƙi ita ce a sauka da kayan a ƙona su a gaban jama'a, magana ta ƙare.

Hajiya ta janyo tabliyen gabanta ta ce, "Muntaka, uwata ba ta ƙona shi ba lokacin da masu bindiga ke cikin ɗakinmu. Mutumin nan ba shi da kabari. Wannan ne kaɗai suturarsa."

Muntaka ya tashi ya fita. Malam Adoum ya faɗi ra'ayinsa ga duk wanda ya tambaye shi, amma bai faɗa a kan mumbari ba. A watan Yuli wata dattijuwa 'yar Maraɗi, aminiyar Hajiya ta shekara ashirin, ta rasu. Ba a bugo wa Hajiya waya ba. Ta tagar hawa na tara ta ga an fita da gawar.

Komawa Lyon

A farkon 2011 Mariam ta ɗauke ta zuwa gidanta a Vaulx-en-Velin. Tun daga lokacin tsoronta ya tattaru wuri ɗaya: kada ta mutu a rasa mai wanke ta, a bar ta a hannun ma'aikatan kamfanin binne gawa, a sa ta a rami ba sahu a bayanta. Ta san yadda hakan yake, domin ta sha zuwa asibiti karɓo gawar da ba mai nema. Takan farka daga barcin rana ta tambayi Mariam ko waya ta yi ƙara.

A 2012 jikarta Inès, 'yar Mariam, ta gano cewa zauren ƙungiyar Kyaftin Guillaume yana nan a Lyon, kuma sunansa na rubuce a bango cikin waɗanda yaƙi ya ci. Aka gayyace su ranar cikarsa shekara saba'in da rasuwa. Hajiya ta tsaya a bakin ƙofa da hijabinta, riƙe da hannun Inès, sannan ta shiga. Abin da ta tarar tsofaffi ne kamar goma sha biyu, wasu da sanda, suna gardama a kan wanda ya manta bai kunna na'urar ɗumama ɗaki ba. Suka yi da'ira suka riƙe hannun juna, suka bar gurbin mutum ɗaya ba a rufe ba, suka kira sunan Guillaume Chavant. Ba ta shiga da'irar ba, ba ta kuma ce ta fahimci abin da suke yi ba. A cikin mota, a hanyar komawa, ta ba Inès labarin kwat daga farko har ƙarshe, karo na farko da wani ya ji shi.

Wannan bai rage mata fargaba ba. A shekarar da ta cika tamanin ta sa Mariam da Inès suka ture kujerun falo, ta shimfiɗa leda, ta kwanta miƙe a kai ta rufe ido, ta ce su fara. Da buta marar ruwa ta koya musu: dama kafin hagu, yadda ake juya jiki ba a tona shi ba, yadda ake kitsa gashi gida uku. Inès ta fashe da kuka ta ce ba za ta iya ba. Hajiya, ido a rufe, ta ce mata gawa ba ta lallashi, maza ta ɗauki buta. Sau huɗu suka maimaita a wannan shekara, har ta gamsu cewa ko ba wanda ya zo, mutum biyu sun iya.

Muntaka yakan bugo waya ranar Salla, gaisuwa a taƙaice. Fatou ta aiko da saƙon neman gafara ta bakin Mariam har sau uku, Hajiya ta ce ta yafe tun ranar, amma kunya ta hana Fatou zuwa.

Rasuwa da jana'iza

Allah Ya yi wa Hajiya Husainatu rasuwa ranar Talata, bakwai ga Fabrairu na 2023, da hantsi, a gidan Mariam, tana da shekara tamanin da bakwai, bayan jinyar ciwon huhu ta kwana tara. Tambayarta ta ƙarshe ita ce ko an sayi sabulu da turare.

Mariam ta sanar da Paris ba tare da ta sa rai ba. Ranar Alhamis da safe, ita da Inès sun ɗaura zane za su shiga ɗakin wanka, sai ga Fatou ta sauko daga jirgin ƙasa na farko, tare da biyu daga cikin mata shidan da Hajiya ta koyar. Sauran huɗun ba su zo ba, ɗaya ma ta aiko cewa a yi hattara da abin da za a tarar a jikinta. Mariam ce ta yi wankan kamar yadda aka koya mata, Fatou na zuba ruwa, ba ta ɗaga kai ba har aka ɗaure likkafanin Makka. Ba a tarar da komai ba sai tsohuwa ƙarama mai farin gashi.

An yi mata salla bayan azahar, Malam Adoum ya ja, duk da tsufa da ciwon gwiwa da suka sa sai da aka riƙo shi daga mota. Matar da ta wanke gawa fiye da ɗari biyu, mutum goma sha tara ne suka tsaya a bayanta, liman ya raba su sahu uku. An binne ta a sashen Musulmi na wata makabarta a gabashin Lyon. Muntaka, wanda shi ma ya zo daga Paris, shi ya tuɓe takalmi ya fara shiga ramin.

Ta rasu ta bar 'ya'ya uku: Muntaka, direban metiro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, mai ritaya a La Courneuve, Mariam, ungozoma a Vaulx-en-Velin, da Sa'ad, malamin lissafi a Yamai, da jikoki goma sha ɗaya, da tattaɓa kunne huɗu. Allah Ya yi mata rahama, Ya sa wankan da ta yi wa bayinSa ya zama wankan zunubanta, amin.